Mai Faɗin Ƙarshen Fim

Maigidana ba ya iya kallon fim bakinsa a rufe. Ba a London ya koyo ba, da abinsa ya zo, kuma ba zan ce an rufe ni ba, don tun farko na ga alama. Lokacin da yake zuwa zance gidanmu a Kano, samarin ƙawayena turare suke kawowa da atamfa, nawa kuwa labarin fim yake kawo mini. Zai zauna a kan tabarma a zaure, ya ɗauko fim ɗin Indiya tun daga rubutun farko, ya bi da ni har inda aka kashe bos, waƙoƙin ma yana rerawa ƙasa-ƙasa don kada babana ya ji. In daga baya na samu na kalli fim ɗin, sai in ga nasa ya fi daɗi. Da haka ya shawo kaina, ba da turare ba.

A Fagge ya ƙware. Wani abokin yayansa yana da shagon hayar kaset, da yamma sai a fito da talabijin waje a jera benci. Finafinan Indiya ne da na Canis, babu mai jin ko kalma ɗaya, don haka sai an sami mai baki ya tsaya gefen talabijin yana fassara. Shi ne mai bakin. Shi ma ba jin yaren yake yi ba, fuska yake karantawa ya cike sauran daga kansa. Kuma aikin bai tsaya ga fassara ba, dole ne ka sanar da jama'a abin da ke tafe. In ya ce a gyara zama za a kashe ƙanin akta, mai shirin zuwa alwala ya san ko ya tafi ko ya dakata, mai raunin zuciya kuma ya kau da kai. Babu wanda ya taɓa ganin laifinsa, rake ma ake saya masa.

Karatu ya kawo shi London, rayuwa ta mai da shi direban bas, kuma ni a ganina aikin ya dace da shi, tunda hanya ce da aka san ƙarshenta tun kafin a tada mota. Muna zaune a Edmonton, a wani flat na kansul, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, ƙasanmu wani Baturke mai gasa burodi. Yaranmu maza biyu tun suna firamare suka daina kallo da shi. Yana shigowa falo sai su kashe talabijin su ce sun tuna da aikin makaranta, har ya riƙa yabon hazaƙarsu a gaban baƙi. Yanzu duk sun tashi sun kama gidajensu.

Saura auta, mace. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Tana ƙarama a wuyansa take yawo. Da ta girma sai magana ta ƙafe tsakaninsu, ba tare da an yi faɗa ba. Ya yi mata doguwar Hausa, ta amsa da gajeren Turanci, kowa ya kama gabansa. Tana jin komai, har habaici, bakin ne dai ya ƙi.

Shekarar da za ta gama sakandare ya yanke a ransa cewa a Bloomsbury, nan cikin London, za ta yi jami'a. Har hanya ya tsara mata: jirgi daga Edmonton Green zuwa Seven Sisters, ta sauka ta shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa Euston, sauran ta taka da ƙafa. Ya gaya mata ƙofar da za ta riƙa tsayawa a jirgin don ta fi kusa da matakala. Kafin magariba tana gida tana cin tuwona. Wata Lahadi ya kwashe mu muka je ganin gine-ginen, yana nuna mata tagogi kamar shi ya kafa su.

Ita kuwa ta riga ta zaɓi Glasgow, can arewacin ƙasar, tafiyar sa'o'i a jirgi. A kicin ta gaya mini, ina gurza kuɓewa, ta ce tana so ta ga ko za ta iya tsayawa da ƙafarta, kuma ta roƙe ni kada in gaya wa babanta. Na ajiye magurji na kalle ta. Raina ya ɓaci, amma ba don tafiyar ba, ni da na bar uwata na tsallaka teku ba ni da bakin hana wani tafiya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ta ɗora mini kayan da ba nawa ba. Na ce na ji, ba zan faɗa ba, amma da bakinta za ta gaya masa, kuma kafin ya ji a waje. Ta ce za ta faɗa, lokaci take jira. Na san irin wannan lokacin, ba ya zuwa da kansa.

A cikin wannan jiran ne wani katun ya shigo gidanmu. Ba ta yarda a ce katun, wai anime ne, na Japan, kuma ba na yara ba ne. Dogon shiri ne mai kashi-kashi, labarin miyagu da bindiga da wani tsohon kisa da gari guda ya haɗa baki ya binne. Saboda jarrabawa ta ƙayyade wa kanta kashi ɗaya kowace Lahadi bayan azahar, a babban talabijin na falo.

Ranar farko baban ya shigo da kofin shayinsa yana tsokanarta, wai budurwa kamarta da kallon zane, in masu neman aure suka ji fa. Ko ɗago kai ba ta yi ba. A talabijin wani baƙo ya sauka daga jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari da miyagu suka raba gida biyu, yana neman ruwan sha, gida bayan gida ana rufe masa ƙofa. Maigidana ya tsaya da kofi a hannu, bai kai baki ba, bai ajiye ba.

"Wallahi na san mutumin nan," in ji shi.

Ya ce sun taɓa samun wani kaset a shagon Fagge, ba kwali ba suna, baƙi da fari, na mayaƙan takobi masu ɗaure gashi a tsakar ka. Ya fassara shi har kaset ɗin ya tsinke aka liƙe da salatif. Wannan baƙon shi ne, takobin kawai aka karɓe masa aka sa masa kwat. Ni dariya na yi, don a wurinsa duk mai ƙananan ido ɗan Canis ne, kuma duk fim ɗan'uwan wani fim ne. Yarinya ta ɗauki wayarta don ta kunyata shi, ta yi ɗan bincike. Ashe gaskiyarsa ce. Daga wani tsohon fim na samurai, wato mayaƙan takobin nan na Japan, aka ɗauko labarin, aka mai da shi na zamani. Ta dube shi irin duban da rabona da gani tun tana firamare, sannan ta janye ƙafafunta daga doguwar kujera. Ya zauna a hankali, kamar wanda aka ba aron wuri.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya lallaɓa wani abokin aikinsa ɗan Gana suka yi musayar rana, ya zama kowace Lahadi yana gida. In kashi ya ƙare sai ta juyo ta tambaye shi yadda abin yake a tsohon fim, shi kuma abin nema ya samu, ya miƙe tsaye ya ɗauki muciyata a matsayin takobi. Ya nuna mata wane ne wane: mai otal ɗin nan shi ne hakimin can, ɗan sandan nan shi ne dogarin can. Ta yi ta dariya da akta da bos, ta ce sunayen sun fi na ainihi. Ina kicin ina jiyo Hausarta tana leƙowa kalma-kalma, tana ɗingishi, shi kuma ko gyara mata bai yi ba. Na ce a raina ga lokacin da take jira ya zo, yau ko gobe za ta faɗa masa.

Amma hali zanen dutse. Akwai wani direban tasi a cikin shirin, dattijo mai barkwanci, shi kaɗai ne ya ba baƙon ruwa. Yarinya ta ƙwallafa rai a kansa, hotonsa ma ta sa a fuskar wayarta. Wata Lahadi yana cikin tuƙi yana zuba, maigidana ya girgiza kai cikin tausayi ya dafa kafaɗarta.

"Allah sarki. Gyara zama, Uwata. Wannan shi ne mai kwalekwalen can, ba zai kai ƙarshe ba. A ruwa za a tsince shi."

Mako na gaba aka tsinci direban a madatsar ruwa. Ba ta yi kukan direba ba, fushi ne ya hana. Ta miƙe ta zazzage masa Turanci mai yawa, wanda a ciki kalmar spoiler ce ta fi fitowa, wato ɓata wa mutum kallo ta hanyar faɗa masa abin da zai faru. A wurin yaran nan laifin ya kusa kai na sata. Ta shige ɗaki, daga ranar a wayarta take kallo, abin ji a kunne, ƙofa a rufe.

Shi fa har ga Allah bai gane abin da ya yi ba. A ganinsa alheri ya yi aka saka masa da tsiya. Na same shi na wanke shi tas, na ce shekara da shekaru yana kora 'ya'yansa daga falo da bakinsa, an samu ɗaya ta dawo ya sake korar ta. Nan ba Fagge ba ce, babu mai saya masa rake. Ya bari na gama, sannan ya ce shi ya ga yarinyar tana son dattijon nan, ya kuwa san abin da ke jiransa, ta yaya zai zuba ido ta ci karo da shi ba shiri? A wurinmu ko mutuwa ce ba a sakar wa mutum ita haka nan, sai an fara ce maka jiki ya yi tsanani, ka taho.

Na san inda maganar ta dosa. Shekarar da Hajiya mahaifiyarsa ta rasu, kafin manya su kira, wani ɗan yayansa mai rawar kai ya turo masa saƙo a waya, tsirara, ba ko sallama. A tashar ƙarshe ya karanta, fasinja na tsaye suna jira, haka ya tada bas ya dawo da su. Bai taɓa yafe wa wannan saƙon ba. Ina tsaye a gabansa yana wannan bayani, ni kuma ga abin da na ƙunshe a ciki game da 'yarsa. Na koma kicin na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

Bai mayar wa ɗan Gana Lahadinsa ba. Bayan azahar zai zo ya zauna a gefensa na kujera, ya bar nata gefen, ya kunna labarai ya rage murya. Sau ɗaya ya ce in nemo masa shirin ya kalla shi kaɗai, muka yi ta danne-danne a rimot har muka mai da talabijin ɗin yaren Turkiyya, sai da ɗan mai burodi ya hawo ya gyara.

Rani ya shigo, sakamakon jarrabawa ya fito, ta ci da kyau. Ya bi masallaci yana shelar Uwata za ta Bloomsbury, ya sayo mata lema da jakar goyo don zirga-zirgar jirgi. Ni kuwa hankalina ya tashi, don ƙawarta ta san maganar Glasgow, uwar ƙawarta ta sani, kuma matar nan rediyo ce mai ƙafa. Na shiga ɗakin yarinya ban ƙwanƙwasa ba, na zare abin kunnen da hannuna. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. In ta bari ubanta ya ji a ƙofar masallaci, ko ya ga akwati a bakin ƙofa, to ta yi masa abin da ɗan yayansa ya yi masa, na kuma ba ta labarin saƙon, wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ce ba faɗansa take tsoro ba, ta san ba zai yi ba, fuskarsa ce ba ta so ta gani. Na ce fuskar nan dai ko ta gani ko ba ta gani ba sai ta yi, gara a yi tana wurin.

Ni na shiga tsakani aka yi sulhu. Za ta dawo falo su ci gaba daga inda suka tsaya, shi kuma ba zai ce uffan ba har kashi ya ƙare. Ya rantse. Da yake ya san kansa, sai ya riƙa zama da asuwaki a baki, in magana ta taso ya cije. Na ga asuwakin da aka tauna har ya koma tsintsiya. In an gama sai ya biyo ni kicin ya rufe ƙofa ya sauke mini duk abin da ya haɗiye, wa zai ci amanar wa, wa za a kashe mako mai zuwa. Aure ke nan, ni ba ni da ɗakin gudu.

Sai kuma abin ya fara ƙin ci. Masu shirin sun rabu da hanyar tsohon fim sun kama tasu. Wanda ya rantse shi ne bos ya tashi a ɗan aike. Wadda ya ce za a kashe ita ta yi kisan. Ya ce yaran Japan na yanzu sun ɓata fim, ba su da ladabi ga na gaba. Amma na lura ya daina jingina, a bakin kujera yake zama, shayinsa yana hucewa a ƙasa. Tun da yake bai taɓa kallon abu a makance ba, kuma abin yana ba shi wahala sosai. Na so in yi masa dariya, tausayi ya fi ƙarfi.

Ranar kashi na ƙarshe ni ma na zauna, da farantin gyaɗa. An ritsa baƙon a wani tsohon sito, an harbe shi a kafaɗa, miyagu na matsowa. Maigidana ya jure iya jurewarsa, sannan ya zare asuwakin. Ya san ta riga ta kalli shirin duka a ɗakinta lokacin fushi.

"Uwata, ba faɗa zan yi ba, tambaya ce. Don Allah gaya mini. Zai rayu?"

Ta ɗauki rimot ta tsayar da hoton. Ta dube ni, na dubi gyaɗa. Sannan ta juya gare shi gaba ɗaya, ta naɗe ƙafa, ta ce da Hausa, "Baba, gyara zama."

Ya gyara kuwa. Ta ba shi labarin tiryan-tiryan, da Hausarta mai ɗingishi, inda ta maƙale ta cike da hannu. Akta ba zai mutu ba, zai gano wanda ya yi tsohon kisan, za a kama bos. Mutanen gari za su roƙe shi ya zauna, har ɗaki za su ba shi, amma zai ɗauki jakarsa ya koma tashar da ya sauka. Maigidana yana gyaɗa kai, ajiyar zuciya na bin ajiyar zuciya, ya ce haka ya kamata, Allah ya yi mata albarka. Ya miƙa hannu zai karɓi rimot, ta riƙe.

"Akwai saura, Baba. Ka ƙara gyara zama." Ta ƙara damƙe rimot ɗin. "Yarinyar gidan nan ma za ta tafi. Ba Bloomsbury ba. Glasgow. Na yi accepting tun tuni. Wata mai zuwa."

Fuskar da take tsoro ta zo, ta kuma gani. Bai yi faɗa ba. Ya dubi asuwakin da ke hannunsa, ya dubi jakar goyon da ke rataye bayan ƙofa, sannan ya juyo gare ni ya tambaya ko na sani. Na ce na sani.

"Ni tun a zauren babanki ban taɓa ɓoye miki ƙarshen komai ba."

Kunya ta kama ni, har yau in na tuna sai na ji ta.

Sai direban da ke cikinsa ya farka. Ya tambayi nisan wurin a jirgi, ya tambaya ko akwai masallaci kusa, ko ana samun naman halal, ko gaskiya ne sanyin can ya fi na nan. Tana amsawa tana share hanci. Da ya tambayi tashar da jirgin ke tashi ta ce Euston, sai ya ɗan yi murmushi ya ce ashe hanyar da ya tsara ba ta tashi a banza ba. Ya ce ta kyauta da ta faɗa da sauran lokaci, mutum ya samu ya shirya. Ya ce ta kunna. Suka kalli ƙarshen kafaɗa da kafaɗa, ya san duk abin da zai faru, asuwaki na hannunsa, bai ce komai ba har rubutu ya hau.

Ranar tafiya hanyarsa muka bi. Edmonton Green, Seven Sisters, tube, kuma a ƙofar da ya zaɓa muka tsaya, ta kuwa sauke mu daidai matakala, bai fasa nuna mana hakan ba. Shi ya ja babban akwati, ita tana goye da jakar da ya saya, lemar a soke a gefe. A Euston ta je duba allon jirage, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ki shirya. In ta wuce shingen tikitin can, kuka zan yi."

Na ce a gaban Turawa, da furfurarsa? Ya ce shi dai ya gaya mini.

Ta rungume ni, ta durƙusa masa ya ɗago ta, ya yi mata addu'a doguwa tana amsawa da amin. Ta wuce shingen, ta waiwayo sau ɗaya ta ɗaga lema. Maigidana bai taɓa faɗin ƙarshen da ya gani da idonsa ya yi ƙarya ba, wannan ma bai yi ba, sai ga hawaye a fuskarsa. Da yake an sanar da ni da wuri, hankici na hannuna, na miƙa masa, ni kuma na yi amfani da gefen mayafina.